Daga Wuri zuwa Dala: Tarihin Koyon Lissafin Sau a Karakara da Ƙasar Hausa

Garin Karakara yana cikin jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, a yankin kwarin nan da ake kira Dallol Mawri, arewa da Gaya, dab da iyakar Nijeriya ta wajen ƙasar Kabi. A da can yana ƙarƙashin gundumar Gaya, har zuwa shekarar 2011 da aka yanke gundumar Junju aka sa shi a cikinta. Mutanen wannan yanki, waɗanda galibinsu manoman gero da wake da gyaɗa ne, masu taɓa fatauci idan rani ya yi, sun daɗe suna zaune a mahaɗar hanyoyi, inda naira da sefa ke yawo a kasuwa guda, mudun wannan gari kuma ya saɓa da na wancan; wanda duk yake zaune a irin wannan wuri kuwa, ko ya yi karatu ko bai yi ba, wajibi ne ya iya lissafi, in ba haka ba a cuce shi da rana tsaka. Duk da haka, ɗan wannan manomi, idan aka kai shi lakwal ya kai ajin da ake fara lissafin sau, sai ka ga ya ɗimauce kamar bai taɓa jin labarin abin ba, alhali kuwa iyayensa da kakanninsa da shi suke ci da sha. Maƙasudin wannan bayani shi ne a bi sawun wannan ilmi a ƙasarmu, a ga hannun waɗanda ya ratsa, a kuma gane inda aka raba yaro da gadonsa.

Ƙa'idodin da ake so ɗalibin firamare ya riƙe game da sau ba su da yawa. Ta farko ita ce ta musanya, watau uku sau bakwai daidai yake da bakwai sau uku, ko wanne aka gabatar jimla ba ta canjawa. Ta biyu ita ce ta haɗi, watau idan adadi uku ne za a buga da juna, mai lissafi yana da zaɓin biyun da zai fara haɗawa. Ta uku ita ce ta rarrabawa, watau idan adadi ya yi wa mutum nauyi, ya halatta ya tsaga shi gida biyu, ya buga kowane gida shi kaɗai, sa'an nan ya tara abin da ya samu. Sai kuma hukuncin ɗaya, wanda yake barin adadi yadda yake, da hukuncin sifiri, wanda yake mai da kowane adadi babu. A kan waɗannan ne aka gina dukan sau na manyan adadi, da kasafi, da aljabara; yaron da ya fahimce su ya huta da rabin wahalar hadda, wanda bai fahimce su ba kuwa zai yi ta ɗaukar kowace amsa da ka, in ta suɓuce masa ba shi da hanyar nemo ta.

Makarantar farko da talakan ƙasar Hausa ya koyi waɗannan ƙa'idodi ita ce kasuwa, malaminsa kuwa wuri ne. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Asalinsa daga tsibiran Maldibs ne na tekun Indiya, ya ratso tekuna da hamada kafin ya zama kuɗin ciniki da na haraji da na sadaki a nan. To, shi wuri ƙaramin kuɗi ne ƙwarai, har Heinrich Barth, Bajamushen nan matafiyi wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana canja dalar azurfa guda da wuri 2,500. Tun da yake a ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe na bakin teku, duk wanda aka biya shi bashi mai yawa sai ya zauna ya ƙirga da yatsunsa, kuma ba mai karɓar buhu a kan amana sai ya zube shi ya tabbatar. A Tasawa, cikin farkon wannan shekara, Barth ya ga an zauna ana ƙirga wuri 500,000, mutum biyar ko shida suna taimakon mai kuɗin, ya kuma rubuta yadda ake yi: ana jan wuri biyar-biyar da yatsu, ana tara shi tsibi-tsibi, ko na metan, watau hauya goma, ko na dubu.

Duk mai hankalin da ya yi nazarin wannan tsari zai ga cewa sau ne tsantsa tun daga farkonsa har ƙarshe. Ja huɗu na biyar-biyar shi ne hauya, watau ashirin. Hauya goma metan. Metan biyar zambar guda. Zambar ashirin kuwa keso, wanda shi ne buhun tabarma mai cin wuri 20,000. Mai ƙirgan da ya tara tsibi ɗari na metan-metan, da wanda ya tara tsibi ashirin na dubu-dubu, dukansu biyu sun san keso guda suka cika, ba kuwa wanda zai ja da ɗan'uwansa a kan haka. Wannan ita ce ƙa'idar haɗi, ko da yake ba wanda ya raɗa mata suna. Kuɗin nan da aka ƙirga a Tasawa keso ashirin da biyar ke nan, kuma da yake mutane da dama suka raba aikin, kowa ya ƙirga nasa kashi aka tara, to sun yi aiki da yaƙinin cewa rarraba tsibi ba ya rage jimla. Yaro yakan koyi wannan ne yana durƙushe kusa da ubangidansa, ya fara da jan biyar, in hannunsa ya faɗa a ba shi tsibi, in amanarsa ta tabbata a bar masa buhu. Jarrabawarsa kuwa ita ce kada ya gaza ko da wuri guda.

Yankin Dandi da Arewa, inda Gaya da Karakara suke, bai kasance a bayan fage ba cikin wannan harka. Ayarorin fatake masu zuwa Gwanja neman goro daga Kano da Sakkwato da Jega sukan ƙetare Kwara a mashigai irin su Gaya da Illo, gishirin kwarin Foga kuma, wanda Barth ya ga ana dafa shi sa'ad da ya ratsa wurin a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sayi, yakan bazu cikin kasuwannin Kabi da Zabarma da ƙasashen ƙetaren kogi. Goro ana ƙirga shi ne da ƙwarya, kowace ƙwarya goro ɗari, saboda haka madugu da dillali da mai masauki ba su da sana'ar da ta wuce buga adadin ƙwarya da farashinta, su fid da la'ada, su fid da kuɗin fito da garamar sarakunan hanya. Cuɗanya da Larabawa da malamai ta sa ƙidaya kanta ta sake kama, aka bar gomiya biyu da gomiya uku aka koma ashirin da talatin, aka karɓi minya da metan da arbaminya da hamsaminya da alif. Amma wata tsohuwar dabara ta zauna daram, ita ce ta kiran adadi da abin da ya rage ya cika, kamar a ce ashirin biyu babu. Mai sayen abu goma sha takwas a kan biyar-biyar sai ya ce ashirin ɗari ne, a fid da goma, saura casa'in, ya gama tun kafin mai alƙalami ya ɗiga tawada.

Makaranta ta biyu ita ce zauren malam, kuma a nan ne lissafi ya sami littafi da hujja da daraja ta ibada. Tun almajiri yana kan allo yakan san cewa Alƙur'ani mai girma izu sittin ne, kowane izu kuwa sumuni takwas, jimla sumuni 480, da haka yake auna tafiyarsa zuwa sauka. Idan ya shiga littattafan fiƙihu, ya kai babin zakka a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, sai ya tarar nisabin hatsi wusuƙi biyar ne, kowane wusuƙi sa'i sittin, kowane sa'i kuma mudu huɗu da mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wani ɗalibi zai ce wusuƙi biyar sa'i 300 ne, a buga da huɗu ya zama mudu 1,200. Wani kuma zai ce wusuƙi guda mudu 240 ne, a buga da biyar ya zama 1,200. Malam kuwa zai karɓi amsar kowannensu, domin hanya biyu ce ta kai su masauki guda. Sa'an nan a fid da ushuri idan ruwan sama ne ya shayar da gonar, ko rabin ushuri idan da wahalar ban-ruwa aka noma ta, manomi kuma ya mai da hukuncin zuwa abin da idonsa ke gani, ya fid da dami guda cikin goma.

Amma inda lissafin malamai ya kai maƙura shi ne ilmin fara'ili, watau rabon gado, wanda Risala da Muhtasar na Shehu Halilu duk suka keɓe masa babi wajen ƙarshensu, wanda kuma ba a ba mutum alƙalanci sai ya ƙware a cikinsa. Rabon da Alƙur'ani ya ƙayyade guda shida ne: nisfi, da rubu'i, da sumuni, da sulusani, da sulusi, da sudusi, aikin mai rabo kuwa shi ne ya nemo adadin da dukan waɗannan kaso za su fita daga cikinsa ba tare da karaya ba, shi ake kira asalin mas'ala. A ɗauki misalin mutumin da ya rasu ya bar matar aure, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace guda. Matar tana da sumuni, mahaifiya tana da sudusi. Malam zai dubi takwas da shida ya ce sun yi muwafaƙa da rabi, saboda haka a buga rabin ɗayansu da dukan ɗayan, ko huɗu sau shida, ko uku sau takwas, duk wanda aka yi 24 ne. Matar ta ɗauki uku, mahaifiya huɗu, saura goma sha bakwai na 'ya'ya. Amma kawunan 'ya'yan biyar ne, tun da namiji yana da rabon mata biyu, goma sha bakwai kuwa ba ta rabuwa gida biyar. Sai a gyara mas'alar, a buga biyar cikin 24 ta zama 120, a kuma buga biyar cikin rabon kowa: matar 15, mahaifiya 20, 'ya'ya 85, kowane namiji 34, macen 17. Idan aka tara, 120 ɗin ce ta dawo cif. Malamin da ya yi wannan ya dogara ne a kan cewa buga jimla da biyar daidai yake da buga kowane yanki nata da biyar, wanda shi ne ainihin ƙa'idar rarrabawa. Kuma a kanta ne haƙƙin marayu da gwauraye ya rataya shekaru aru-aru a ƙasar Hausa.

Daga cikin wannan zaure ne aka sami waɗanda suka zurfafa har sunansu ya kai Gabas. Mafi shahara shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, wanda ya yi karatu a ƙasarsu, ya tafi aikin hajji, ya wallafa littafi a 1732 a kan hatimai, watau gidajen adadi waɗanda kowane layi nasu, a tsaye ko a kwance ko a karkace, yake ba da jimla guda. Ya zauna a Alƙahira a gidan Shehu Hasanul Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, a can kuma ya rasu a 1741. Malamai sun yi saɓani game da abin da ake aikatawa da hatimi, amma lissafin da ke cikinsa ba mai musunsa: a hatimi mai gida uku-uku adadin tsakiya biyar ne, kowane layi kuwa uku sau biyar, goma sha biyar; a mai gida biyar-biyar na tsakiya goma sha uku ne, kowane layi biyar sau goma sha uku, 65. Haka nan malamanmu sun riƙi hisabin haruffa bisa tsarin Magariba, inda shinun yake dubu, ra kuma metan, da shi ne mawallafan zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, har da 'yarsa Nana Asma'u, suke rufe waƙoƙinsu da ramzin shekarar Hijira. Shi kansa Shehu Abdurrahman Al'ahlari, wanda kusan kowane ɗalibi a ƙasar Hausa yake fara fiƙihu da ɗan littafinsa, yana da wata manzuma mai suna Durratul Baila'i wadda ya tsara a kan hisabi da fara'ili.

Adalci ya wajabta a faɗi iyakar waɗannan makarantu biyu. Lissafin kasuwa na ka ne da yatsu, ba ya barin rubutu, saboda haka gwani yakan tafi kabari da dabarunsa, in ban da ɗan abin da yaransa suka tsinta. Lissafin zaure kuwa yana can ƙarshen littafi, ba mai isa gare shi sai wanda ya sauke Alƙur'ani ya yi shekaru cikin ilmi, waɗannan kuwa 'yan kaɗan ne, mata a cikinsu sun fi ƙaranci. Ba a yi wani tsari da zai ɗauki kowane yaro ɗan shekara takwas a zaunar da shi a koya masa sau daki-daki ba. Wannan shi ne abin da makarantar zamani ta zo da shi, kuma alheri ne babba wanda bai kamata a raina ba.

Game da sunayen ƙa'idodin, su ma a Turai baƙi ne na jiya-jiya. Uƙlidisu, masanin handasa da ya zauna a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kafa hujja a kan cewa musanya adadi biyu ba ya canja sakamakon bugunsu, an kuma fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Halifa Haruna Rashidu. Alhawarizmi ya yaɗa alƙaluman Indiya tare da sifirinsu a ƙarni na tara. Ibnul Banna na Marrakish, wanda ya rasu a 1321, ya taƙaita ayyukan hisabi a littafin da aka daɗe ana karantawa a Magariba. Duk waɗannan sun yi aiki da ƙa'idodin ba tare da laƙabin da ake ba su yau ba. Sai a 1814 wani Bafaranshe mai suna Servois ya raɗa wa ƙa'idar musanya da ta rarrabawa suna, bayan kimanin shekara talatin kuma Hamilton na ƙasar Ailan ya raɗa wa ta haɗi, a lokacin da ya gano wani nau'in lissafi wanda a cikinsa sauya jeri yake sauya amsa. Ashe ke nan masana ba su bukaci sunan ba sai da suka kai matakin da ƙa'idar take iya karyewa. 'Yan Adam sun yi dubban shekaru suna sau da fahimta kafin su yi shi da laƙabi.

Da Turawa suka raba ƙasa bisa yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, iyaka ta ratsa tsakanin dangi, Karakara da Gaya suka faɗa hannun Faransa, Kamba da Kangiwa kuma hannun Ingila, daga nan tarihin lissafin yara ya rabu gida biyu. A ɓangaren Ingila an hana shigo da wuri a 1904, aka kawo anini da kobo da sule da fam: anini goma kobo guda, kobo goma sha biyu sule guda, sule ashirin fam guda, abin da ya tilasta wa ɗalibi haddace jadawalin sau har zuwa goma sha biyu. Amma makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa, makarantun elemantare da suka biyo bayanta su ma haka, saboda haka yaro yakan ji tarawa da ɗebewa da sau da rabawa da harshen da yake mafarki da shi. Wannan lissafi na fam da sule ya zauna har 1 ga Janairu 1973, ranar da naira mai kobo ɗari ta maye gurbinsa.

A ɓangaren Faransa kuwa, tun daga ranar da yaro ya taka ƙofar aji ba a yi masa magana sai da Faransanci, har akwai alamar horo da ake rataya wa wanda aka kama yana harshen gida. Jadawalin sau yana bugagge a bayan littafin rubutu, ana rera shi baki ɗaya safe da yamma. Mushe, watau malamin aji, ya jefa tambaya, ya ƙwanƙwasa tebur, yara su rubuta amsa a ɗan allo su ɗaga sama. Wannan hanya ta fitar da mutane masu saurin lissafin ka, ba a musun haka. Sai dai yaron da bai riga ya ji harshen ba yakan haddace sautin ne kawai, ma'ana tana can nesa da shi. Abin da ya fi ban tausayi shi ne, a daidai wannan lokaci kasuwa tana koya masa sau ɗin da makaranta ba ta sani ba. Mutanen Nijar sun riƙi tamma biyar a matsayin dala guda, kuma ko bayan da aka kafa kuɗin sefa a 1945 da dala suke ciniki har yau: abin da aka rubuta 100 a kansa dala ashirin ne, 500 dala ɗari, 1,000 kuwa jikka. Yarinyar da ke tallan ƙosai, wadda aka rubuta mata 350 ta ce dala saba'in, tana buga biyar tana raba biyar sau da yawa kowace rana ba tare da kuskure ba, ita ce kuma za a kira daƙiƙiya a aji saboda ta kasa rera jadawalin biyar da baƙon harshe.

Bayan samun mulkin kai a 1960 wata guguwa ta iso daga Amurka da Turai, wadda aka kira sabon lissafi, masu ita suna ganin ya kamata a fara wa yaro da tsarin ƙa'idodi da sunayensu tun kafin hannunsa ya saba da ƙidaya. Ta shigo ƙasashen Afirka masu Ingilishi ta hanyar taron bita da aka fara a Entebbe ta Uganda a 1962, Faransa kuma ta sa ta cikin manhajar firamarenta a 1970, ƙasashen da ke bin tsarinta suka bi sahu. A wannan zamani ne sunayen ƙa'idodin sau suka sauko daga jami'a zuwa ajin ƙananan yara. Niyyar kyakkyawa ce, domin ana son fahimta ta rinjayi hadda. Amma da yake ba a horar da malamai yadda ya kamata ba, littattafai kuma ba su wadata ba, sai aka sami yara masu iya faɗin sunan ƙa'ida waɗanda ba su iya bakwai sau takwas ba. Iyaye suka koka, har gwamnatin Nijeriya ta soke sabon lissafi a makarantunta a farkon 1977, zamanin da Kanar Ahmadu Ali yake kwamishinan ilmi na tarayya.

Nijar ta nemi magani ta wata fuska, ita ce ta harshe. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa kafin a shiga Faransanci, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, dokar ilmi ta 1998 kuma ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. Sai dai irin waɗannan makarantu sun daɗe suna 'yan tsiraru, mafi yawan yaran karkara suna nan kan tsohuwar hanya. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar waɗanda suka kai matakin da ake bukata a lissafi a ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na 2019 ya nuna an sami ci gaba, amma har a lokacin mafi rinjaye suna ƙasa da matakin. Yanzu da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wata ƙofa ta buɗe wadda ya dace masu tsara manhaja su shiga da hikima, tare da kiyaye haƙƙin yaran da harshen gidansu wani ne dabam.

Darasin da wannan tarihi yake bayarwa a fili yake: a fara da abin da yaro ya sani, a sa hannunsa ya taɓa, a bar shi ya faɗi dalili da bakinsa, sa'an nan a ba shi suna daga ƙarshe. Malamin da ke son koyar da ƙa'idar musanya ya fita da yara tsakar makaranta su haƙa gurabun dara, layi biyar na gurbi shida-shida, wasu su tsaya ta gabas wasu ta kudu. Na gabas za su ce biyar sau shida, na kudu su ce shida sau biyar, kuma dukansu suna kallon gurbi talatin ɗin nan da ba su motsa ba. Wanda ya gane wannan, jadawalin ɗaya zuwa goma mai amsa ɗari ya koma masa 55. In ya fid da gidan ɗaya da na goma, waɗanda ba su da wuya, saura 36. In ya fid da gidan biyu da na biyar, waɗanda ninki da dala suka riga suka koya masa, saura 21 kacal. Waɗannan ma ƙa'idar rarrabawa tana sassauta su, domin wanda ya manta bakwai sau takwas zai iya cewa bakwai sau biyar 35, bakwai sau uku 21, a tara 56. Ƙa'idar haɗi kuwa ga nisabin zakka nan, ga izu da sumuni, misalan da yaro zai kai gida mahaifinsa ya gyaɗa kai. Bayan haka hadda tana da gurbinta, domin wanda ya fahimta sa'an nan ya haddace ya haɗa alheri biyu.

Saboda haka ina kira ga malaman makarantun Karakara da Junju da Gaya, da 'yan'uwansu na ƙetaren iyaka, da su tambayi ɗalibansu yadda ake lissafi a gidajensu kafin su buɗe littafi. Ina kira ga malaman zaure da su sauko da babin hisabi kusa, kada ya tsaya ga manyan ɗalibai kaɗai. Ina kuma kira ga iyaye, musamman mata masu sana'a a cikin gida, da su riƙa sa 'ya'yansu lissafin ciniki suna tambayarsu ta yaya suka sami amsa. Ƙasar da ta ƙirga keso da yatsu, ta raba gado da adalci, ta kuma haifi irin su Alkatsinawi, ba ta da uzurin barin 'ya'yanta su gama firamare ba su iya sau ba. Allah ya ba malamai haƙuri da basira, ya kuma buɗe ƙwaƙwalwar yaranmu, amin.